Warƙar Ƙarshe

A tsofaffin gidajen malamai na wannan yanki namu, daga Jandutsi zuwa Jega, daga Aliero zuwa Maiyama, da wuya ka rasa gafaka ɗaya, ko a rataye a jikin bango ko a kwance a ƙasan adaka. Ta gidanmu ta kakana ce. Tun muna yara muke ganinta, ba mai taɓa ta sai shi, shi ma sai da alwala. Bayan rasuwarsa aka ce in buɗe in ga abin da ke ciki, tunda ni ne na ɗan taɓa Larabci. Na tarar da littattafai huɗu na rubutun hannu. Uku daga cikinsu sun yanke a tsakiyar magana, kamar mutumin da aka kira yana cikin zance ya tashi bai dawo ba. Na huɗun ne kaɗai ya kai ƙarshe. A ƙasan warƙarsa ta ƙarshe, bayan maganar mai littafin ta ƙare, sai ga wata murya daban cikin layi biyar. Wanda ya kwafe littafin ne. Ya gode wa Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce ya gama ranar Alhamis bayan la'asar, ya roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya amfana kuma ya sa shi a addu'a, shi da iyayensa. Bai rubuta shekara ba.

Na daɗe ina kallon layukan nan. Mai littafin sananne ne, duk wanda ya yi karatun zaure ya san sunansa. Amma wannan bawan Allah da ya zauna makonni yana jan alƙalami, ba don layukan nan biyar ba, da babu mai sanin ya taɓa zuwa duniya. Sauran ukun kuwa, masu kwafarsu sun tafi tare da warƙoƙinsu na ƙarshe.

Akwai dalilin da ya sa warƙar ƙarshe take riga sauran salwanta. Littattafanmu na da ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, a jera su, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura a gafaka. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya da mai kwafa ke rubutawa a kusurwar ƙasa, wato kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Tsarin yana da amfaninsa, domin malami na iya raba littafi ɗaya ga almajirai biyar a lokaci guda. Sai dai warƙar farko da ta ƙarshe su ke shan gumin hannu, su ke fara gamuwa da laima da gara. In ta farko ta ɓata, da sauƙi, kowane malami zai karanta layi biyu ya faɗa maka littafin wane ne. In ta ƙarshe ta ɓata, shi ke nan.

Kafin injin ɗab'i

Mun saba cewa jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da alƙalami ya fara kafin takobi, kuma haka ne. Shehu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne, ta yaya rubutun da aka yi a Ɗegel ko Sifawa ko Gwandu ya isa Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, a zamanin da babu injin ɗab'i ko ɗaya a ƙasar Hausa? Da hannu ya isa. Wani ya zauna ya kwafa, wani ya ɗauka ya yi tafiya, wani a can ya sake kwafa.

Ɗauki tafsirin Malam Abdullahi, Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala wajajen 1816. Da aka buga shi a Alƙahira a 1961, juzu'i huɗu ya cika. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai kusan shekara 145, kuma a duk tsawonsu babu wanda ya karanta tafsirin nan sai ta rubutun wani da ya zauna ya kwafe shi harafi bayan harafi. Ko dai a aje masa tsohon kwafi a gaba, ko wani ya riƙa karanta masa yana rubutawa. In ya gama, a yi muƙabala: ɗaya na karanta na asali, ɗaya na bin sabon da ido, inda aka ga tsallake a cike a gefe.

Shugabannin jihadi sun san darajar waɗannan mutane. Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, da ya zo lissafa jama'ar Shehu a littafinsa Raudul Jinani, bai bar marubutansa ba. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Malam Mustafa, wanda aka fi sani da Malam Tafa. Ya auri Khadija 'yar Shehu, ya zauna Salame yana karantarwa, ɗansu kuma shi ne Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman daular. Malam Tafa ya yi sa'a, sunansa ya tsira saboda kusancinsa da Shehu. Akasarin abokan sana'arsa a Gwandu da ƙauyukan da ke kewaye da ita ba su da wani marubucin tarihi sai kansu, ba su da wani fili sai ƙasan warƙar ƙarshe.

Mu mutanen ƙasar Jega ya kamata mu fi kowa gane nauyin wannan aiki. Malam Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana ya zauna da jama'arsa, nan kusa da mu, kuma harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817 sai saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega bayan an daidaita, sarautar da ake kira Sarkin Kabin Jega har yau. To, ina muka samo kalmomin Abdussalami, da koke-kokensa, da hujjojinsa? Daga Sardul Kalami, littafin da Bello ya rubuta kan abin da ya gudana tsakaninsu, inda ya kawo wasiƙun da suka yi musaya. Wato muryar mutumin ta iso mana ne ta cikin littafin wanda suka yi jayayya da shi, littafin kuma ya iso mana ne don an sami masu kwafarsa. Abin da aka kwafa shi ya zama tarihi. Abin da ba a kwafa ba, gara ta cinye shi tare da hujjarsa.

Takarda mai wata uku

Kayan aikin mai kwafa kusan duk na gida ne. Alƙalami na gamba ko na kara, shi zai feƙe abinsa. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, don a iya wankewa. Ta takarda kuwa ana haɗa ta da bagaruwa don ta kama ta daɗe. Ja na wasali ne da kanun magana. Abu ɗaya ne ba a yi a nan, shi ne takarda. Ita sai ta ƙetaro teku da hamada.

In ka ɗaga warƙar tsohon littafi ka saita ta da hasken rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, ba da tawada ba. Alamar masu yin takarda ce ta ƙasar Italiya. Suna lanƙwasa siririyar waya su ɗaura a kan rariyar da ake tace ɓawon takarda, sai wurin ya fi sauran sirantaka, haske ya riƙa ratsa shi. Gidan Galvani da ke Pordenone, kusa da birnin Benis, yana cikin waɗanda takardarsu ta fi yawa a littattafanmu na ƙarni na 19, wani lokaci har za ka ga haruffan boko biyu, A da G, na Andrea Galvani. Takardar kan sauka Tarabulus ko Masar, raƙuma su ɗauko ta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarimu, ya ambaci takarda mai wata uku cikin hajar da ya gani a Kano a 1851.

Ka ga ke nan warƙa ɗaya tana ɗauke da sa hannu iri uku: na mawallafi a farko, na mai kwafa a ƙarshe, na mai takarda a ɓoye. Inda mai kwafa ya bar shekara, kamar namu na gafaka, masu bincike kan koma ga alamar takarda su ƙiyasta zamanin da aka yi rubutun.

Barth ɗin nan kuma shi ya bar mana misalin abin da ke faruwa in suna ya rabu da aiki. A watan Mayu na 1853 ya iso Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. A nan aka ara masa wani littafin tarihin Songhai da Tumbuktu, Tarihus Sudan. Ya kwana yana tsakuro abin da zai iya cikin 'yan kwanakin da ya samu, ya aika Turai, ya ce littafin Ahmadu Baba ne, shahararren malamin Tumbuktu. Haka Turawa suka riƙe shekaru da dama. Sai a ƙarshen ƙarnin, da Bafaranshe Octave Houdas ya buga cikakken littafin, Larabcinsa a 1898 da fassararsa a 1900, aka tabbatar cewa na Abdurrahman Sa'adi ne. Ahmadu Baba ya rasu tun 1627, labarin littafin kuwa ya kai wajajen 1655. Babban suna ne ya haɗiye ƙarami. In hakan zai sami mawallafi, ina ga mai kwafa?

Hatimi da magatakarda

Akwai wani marubucin da ko filin ƙasan warƙa bai samu ba, shi ne magatakardan fada. Daular Sakkwato da wasiƙa ake tafiyar da ita. Naɗi da tuɓewa, kiran yaƙi, ƙarar bawan da ya gudu, rabon gado, duk a rubuce suke yawo tsakanin Sakkwato da Gwandu da sauran masarautu. Sarki ya faɗa, magatakarda ya zuba maganar cikin Larabci, a buga hatimi a saman takardar, manzo ya hau doki. Sunan da ke cikin hatimi na sarki ne. Wanda ya zaɓi kalmomin, ya san inda zai tausasa da inda zai tsananta, ba ya sa nasa. Wanda ya sassaƙa hatimin shi ma haka, ga aikinsa da wuya, domin dole ya yanka haruffan a juye don su fito daidai a kan takarda.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927, har yau masu nazarin ƙarshen daular suna komawa gare su.

Amma wasiƙar da ta fi kowace tasiri a wannan zamani ita ce wadda Lugga ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda ya ɗauka a matsayin shelar yaƙi, ya kafa hujja da ita a gaban magabatansa na Landan. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakka a kanta a littafin da ya fitar a 1964, domin abin da ke hannun masu bincike fassarar Turanci ce, ba a ga takardar asali ba. Da tana nan, da an duba hatiminta, an gwada hannun magatakardan da na sauran wasiƙun fada, an ɗaga ta a rana an ga takardar. Ƙananan alamun nan da muke rainawa, wata rana su ne shaidun da ake nema a rasa.

Masassaƙan Edo

Wannan rabo, na mai suna daban mai aiki daban, ba mu kaɗai muka san shi ba. A daidai shekarun da ake kwafar littattafan Malam Abdullahi a Gwandu, a can ƙarshen gabashin duniya, a birnin Edo na ƙasar Japan, wanda yau ake kira Tokiyo, akwai wasu masu sana'a da labarinsu ya yi kama da na marubutanmu har abin ya ba da mamaki.

Sana'ar ita ce buga hotuna da allunan katako. Mutum huɗu ke haɗuwa a kan hoto ɗaya. Akwai ɗan kasuwa mai jari, shi ke zaɓar abin da za a zana, shi ke sayarwa. Akwai mai zane, wanda zai ja hoton da tawada a kan takarda marar kauri. Sai masassaƙi, wanda zai kife zanen a kan allon wani icce mai tauri da ake kira ceri, ya manne shi, ya murje bayan takardar har layukan su bayyana, sa'annan ya bi da wuƙa yana cire duk inda babu layi. Na ƙarshe shi ne mai bugu, wanda zai shafa launi a allon, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Tun daga 1765, lokacin da hotuna masu launi da yawa suka fito a hannun Suzuki Harunobu, kowane launi da nasa allon, hoto ɗaya kan ci allo goma ko fiye.

Lura da abu ɗaya. Zanen da mai zane ya yi da hannunsa ba ya tsira, wuƙar masassaƙi ke cinye shi. Saboda haka duk layin da duniya ke yabawa a yau, layin wuƙa ne da ya bi sawun alƙalami. Hoton nan na babbar igiyar ruwa da ta taso za ta rufe kwale-kwale, da dutsen Fuji can nesa, wanda Hokusai ya zana wajajen 1831, wanda kuma Japan ta sa a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000 a 2024, yana ɗauke da sunan Hokusai. Ba ya ɗauke da sunan wanda ya yanka kowane yatsa na kumfar ruwan.

Abin ya fi haka ma. Daga 1790 hukuma ta sa doka cewa sai an duba zane an buga masa hatimin amincewa kafin a fitar da shi. A kan zanen ake buga hatimin, don haka masassaƙi ne ke yanka shi a jikin allo. Shi ke yanka sa hannun mai zane, shi ke yanka tambarin ɗan kasuwa. Sunan kowa ta wuƙarsa yake bi, nasa ne kawai ba ya fita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin gidan sassaƙa ma akwai daraja hawa-hawa. Yaro kan yi shekaru yana yanka haruffa da allunan launi, sa'annan a ba shi tufafi da jiki. Fuska da gashin kai sai babban gwani, domin a goshin mace, inda gashi ke tsirowa, sai an fitar da silin gashi ɗaya-ɗaya a jikin katako ba tare da ya karye ba. Masu zane sun san da wannan sarai. Hokusai, a wasiƙun da ya aika wa masu buga littattafansa a tsakiyar shekarun 1830, ya nemi a ba Egawa Tomekici aikinsa, shi ne ya yanka masa littafin hotuna ɗari na dutsen Fuji. Ya kuma yi ƙorafin masassaƙan da ke sauya masa idanu da hancin mutane zuwa salon wani gidan zane da suka saba da shi. Duk malamin da ya taɓa ganin mai kwafa ya "gyara" masa kalmar da ba ta buƙatar gyara zai gane zafin da tsohon ya ji.

A littattafai akan sa sunan masassaƙi a shafin ƙarshe, daidai inda namu suke sa nasu. A hotunan da ake sayarwa ɗaya-ɗaya kuwa jefi-jefi ne, sai wajajen tsakiyar ƙarni na 19 abin ya yawaita. Sai ka ga ɗan ƙaramin hatimi a gefe, da kalmar "hori", wato sassaƙa, haɗe da guntun suna. Yokogawa Takejiro, wanda ya yi wa Kunisada da Kuniyoshi aiki, "Hori Take" yake sawa. Hatimin bai kai farcen yatsa ba, amma da shi masu bincike ke bin sawun mutumin daga hoto zuwa hoto.

A nan hanyarsu da tamu ta rabu. Hatimin masassaƙin Edo kasuwa ta fito da shi: masu saye sun fara gane hannun gwani, ɗan kasuwa ya ga sunan zai ƙara wa haja daraja. Marubucinmu na Gwandu ba mai saye yake kira ba. Abu biyu yake yi da sunansa. Yana ɗaukar alhakin kuskure, don kada a jingina wa mawallafi abin da bai faɗa ba. Yana kuma neman ladan da ba a biya da wuri, wato addu'ar wanda bai san shi ba, bayan ƙasa ta rufe shi.

Daga Kurmi zuwa Madina

Da injin ɗab'i ya zo, sai aka zaci aikin mai kwafa ya ƙare. Boko ya sami gidansa a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Amma almajirin tsangaya bai yarda da haruffan inji ba. Ya tashi da ruwayar Warshu, da rubutun da fa'unsa ke da ɗigo a ƙasa, ƙafunsa ke da ɗigo ɗaya a sama, da kumsa da kuri masu nuna ƙidayar ayoyi. Abin da ya gani a allo shi yake so ya gani a takarda.

Sai 'yan kasuwar littattafai na Kano suka samo dabara. A sa gwanin rubutu ya rubuta littafin da hannu, a ɗauki hoton shafukan, inji ya buga dubbai. Ishiriniya da Ahalari da Ishmawi da Alƙur'anin da ake saye a Kurmi a kawo kasuwar Jega, galibinsu haka aka yi su. Hannu huɗun nan na Edo sun sake haɗuwa a Kano: mai jari, mawallafi, marubuci, mai inji. A wannan zamani ne hannun mutum ɗaya ya shiga gidajen da ba su ƙirguwa. Sharu Bala Gabari na Kano yana cikin waɗanda rubutunsu ya fi yaɗuwa, har yara da yawa suka tashi suna kwaikwayon hannunsa ba su san na wane ne ba.

Haka ma Mus'hafin Madina mai ruwayar Hafsu, wanda alhazai ke dawowa da shi tun bayan da aka buɗe cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad a 1984. Mutane da yawa sun ɗauka inji ne ya tsara haruffansa saboda tsabar daidaituwarsu. Rubutun hannu ne. Wanda ya rubuta shi Usman Ɗaha ne, mutumin Siriya, haifaffen wani ƙauye kusa da Halab a 1934. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da ke cikin wayoyinmu shafukansa suke nunawa. Mai karatu, wataƙila da asubahin yau ma ka bi hannunsa da ido. Ka taɓa sa shi a addu'a?

Abin da ya rage a hannunmu

Yau kowa ya zama mai kwafa. Waya ɗaya tana yin abin da Malam Tafa zai yi wata uku yana yi, kafin shayi ya huce. Alheri ne babba. Littattafan da a da sai ka yi tafiyar kwanaki ka durƙusa a zauren wani kafin a ara maka, yanzu suna yawo a WhatsApp. Amma duba waɗanda ake turo maka da kyau. Sau nawa aka ɗauki shafin ƙarshe? Mai ɗauka yakan tsaya inda maganar mawallafi ta tsaya, ya ga sauran layukan ba karatu ba ne. Wani ma ya datse gefen hoton, inda aka yi muƙabala, inda wani almajiri ya fassara kalma da ajami, inda mai littafin ya rubuta daga wa ya gada. Abin da gara ke ɗaukar shekara ɗari tana yi, mu da ɗan yatsa muke yin sa.

Kuma waɗannan layukan su ne tarihin garuruwa irin namu. Sakkwato da Gwandu suna da masu rubuta labarinsu. Jandutsi fa? Wa ya karantar a nan shekara 150 da suka wuce, wane littafi ya karantar, daga wa ya ɗauko, ina almajiransa suka nufa? In akwai amsa, tana ƙasan warƙoƙin ƙarshe da ke cikin gafakokin gidajenmu. Suna ɗaya a nan, suna ɗaya a Aliero, hannu iri ɗaya a wani littafi a Maiyama, a haɗa su sai ga silsilar malamai ta fito, kamar yadda aka bi ɗan hatimin Hori Take aka san aikinsa.

Don haka ga roƙona ga duk wanda ke da irin wannan gado. In za ka ɗauki hoto, fara da warƙar ƙarshe, sa'annan ta farko, sa'annan sauran, kuma ka ɗauke su da gefunansu. Ɗaga warƙa ɗaya a rana ka ga ko akwai wata uku, ka ɗauki hoton wannan ma. Kada ka sake jera warƙoƙin sai da wanda ya iya bin kalmar kusurwa. Kada ka manna musu salatif, kada ka ajiye su a ƙasa ko jikin bango mai laima. Ka tambayi dattawan gida tun suna raye, wa ya rubuta, wa ya gada, ka rubuta amsar a wata takarda daban ka sa a gafakar. In abin ya fi ƙarfinka, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna, aikinsu ke nan.

Ni dai na mayar da littattafan kakana yadda na same su, na ɗaure. Kafin nan na sake karanta layukan nan biyar. Mutumin bai nemi a san garinsu ba, bai nemi a yabi hannunsa ba, ko da yake hannun mai kyau ne. Abu ɗaya ya roƙa, ya kuma jira shi tun wata Alhamis bayan la'asar. Na ɗaga hannu na biya shi, na haɗa da ukun nan da warƙoƙinsu suka ɓata. Allah Ya san sunayensu.